Filin tambaya da amsa: Tukwanen Hajiya sun cika min ɗaki a Yanbu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Mu 'yan Madina ne amma aikin maigidana ya kawo mu Yanbu, ɓangaren masana'antu, shekara 6 kenan. Mahaifiyata ta rasu bara a hannuna, ta bar kayan ƙasa da yawa, randa biyu manya irin wadda ake cewa zir, tukwane, kaskon turaren wuta wajen goma, jabana ta gahawa, sai farantan tangaran masu zane da ta daɗe tana tarawa. Kwantiragin maigida ya kusa ƙarewa, zamu koma ƙaramar shigga, wato ƙaramin gidan haya na bene, kuma wallahi babu wajen ajiye su. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo ya duba ya ce riyal 150 duka, har hawaye sai da na yi. Ya zan yi in sayar da su a nan cikin gari ba tare da an cuce ni ba?
Daga wata 'yar uwa, Yanbu

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Hajiya ya sa Aljanna ce makomarta. Kin kyauta da baki saki kayan nan ba.

Amma kafin mu zo maganar kuɗi, kayan nan gado ne fa, ko da kasko ɗaya ne. Don ta rasu a hannunki ba shi ke nufin naki ne ke kaɗai ba, sai dai in ta ba ki kyauta tun tana raye. Ki ɗauki hotonsu ki tura wa 'yan uwanki na Madina da duk wani mai haƙƙi, su ce sun yarda a sayar a raba ko sun bar miki, kuma in da wanda yake son wani abu ya ɗauka. Na sha ganin zumunci ya lalace a kan abin da bai kai riyal hamsin ba, shi yasa na fara da wannan.

Toh mai sayen kayan nan ba lallai mugu bane, yanayin garin ne. Yanbu ta masana'antu gari ne na ma'aikata, tun da aka kafa hukumar da ke kula da ita da garin Jubail a 1975 mutane ke zuwa aiki matatun mai da kamfanoni suna tafiya, kullum akwai wanda aka buga masa fita ta ƙarshe, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, yana neman rabuwa da firij da gado da esi a kowane farashi kafin ranar jirginsa, don haka dillali ya saba da saye a wulaƙance, kuma shi tukunyar ƙasa kaya ce mai nauyi da zata iya fashe masa a mota. Ke kuma masu sayenki daban ne. 'Yan Sudan sun san darajar zir da jabana, ba sai kin musu bayani ba. 'Yan Yaman ma suna girki a tukunyar ƙasa. Akwai masu istiraha, wato gidajen shaƙatawa na haya, da masu shagon gahawa da ke neman tsohon abu na ado, akwai kuma matanmu da basa rabuwa da turaren wuta. Ki fara da grup ɗin mata na unguwa a WhatsApp, sannan ki saka a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ki zaɓi Yanbu, ki rubuta da Larabci cewa mai saye shi zai zo ya ɗauka, babu aikawa. Kada ki yarda da aikawa ko kaɗan, randa bata son tafiya. Kuma kada ki shimfiɗa kaya a bakin titi, baladiyya, wato hukumar gari, bata barin wannan.

Ki raba su, kowanne da hotonsa da farashinsa, kuma ki gwada su tukunna. Ki ƙwanƙwasa tukunya da bayan yatsa, mai lafiya tana ƙara tas, mai tsaga muryarta a dishe take. Randar kuma ki cika ta da ruwa ta kwana. In kin ga jikinta ya yi danshi kada ki tsorata, wannan tsatstsafar ita ce ke sanyaya ruwan, amma in ruwa na bin layi ɗaya yana zuba toh ta tsage. Ki wanke da ruwa da burushi kawai ki shanya a rana, banda sabulu mai ƙamshi don ƙasa tana shanye shi. Wadda ta tsage ki faɗa ƙarara a cikin tallan, ki nuna wajen a hoto, masu shuka fulawa zasu saya a haka kuma kin fita haƙƙinsu.

Tangaran ɗin ina so ki kula sosai. Wasu tsofaffin farantai masu launi mai haske akwai dalma a fentinsu, wadda guba ce, kuma abinci mai tsami kamar tumatir ko lemo yana iya janyo ta. Duk wanda fentinsa ya koɗe ko ya yi zane-zanen tsagewa ki ce na ado ne, ba na cin abinci ba.

In kina da sauran lokaci ki ɗan jira. Gab da azumi mutanen Hijaz, yankin su Makka da Madina, suna neman tulun ƙasa, kin san yadda suke turara shi da mustika, wani ƙaro mai ƙamshi, kafin su zuba ruwan buɗa baki, sannan gab da 22 ga Fabrairu, ranar kafuwar ƙasar Saudiyya, makarantu da shaguna suna neman kayan gargajiya na ado. In kuma lokaci ya ƙure ki rage kuɗin ƙananan, ki riƙe na randunan, maigida ya kasance a gida ranar da za a zo ɗauka, kuɗi a hannu ko ki ga shigarsu a asusu kafin kaya su fita.

Kaskon da ya fi baƙi, wanda Hajiya ta fi kunna turare a ciki, ki roƙi 'yan uwanki su bar miki shi, kada ki sa shi a hoton talla. Ko ƙaramar shiggar ce ba zaki rasa inda zaki ajiye shi ba.