Amsa: Me yashe tashar jiragen ruwa ke jawowa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zurfafa tashar Kwatano ko ta Lome domin manyan jiragen kwantena na da illa, tunda mu a Yamai kayanmu kawai muke jira. Akwai illa, kuma ta cancanci a duba.

Abu na farko, lakar da ake kwasowa. Ƙasan tasha ya shekara da shekaru yana shan man jirgi, da fentin jikinsa, da dattin gari. In an tono, duk wannan ya tashi, ruwa ya gurɓace, ƙwan kifi ya mutu, masunta su koma gida da koma wayam. Shi ya sa kafin a soma ake ɗibar laka a kai ɗakin gwaji, a san wadda za a zuba can cikin teku da wadda dole a killace a tudu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yashi. A gaɓar Togo da Benin, igiyar ruwa daga yamma take tura shi gabas. Tun da aka buɗe tashar Lome a 1968, katangarta da ta shiga cikin teku ke tare shi, gaɓar gabas kuwa teku na ta ci, har gidaje da hanya. Haka ma gabashin Kwatano. Rami mai zurfi ƙarin tarko ne, kuma yana sake cikewa, sai an yi ta maimaita yasar.

Wanda ya ga yadda yashi ke cike kogin Kwara a nan Yamai ya san wannan aikin ba na rana ɗaya ba ne. Masunta dai a ji ta bakinsu tun kafin injin yasar ya iso.