Azabar ƙuruciya ce ke haifar da mai kashe mutane a jere?

Ka tambaya ko cin zarafin yaro ne ke sa ya girma yana kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Yaron da ya shekara yana kuka babu mai rarrashi yana iya daina jin tausayi, ya koma saƙa tunanin ramuwa da mallake wasu a ransa. Wani da azabtar da dabbobi yake farawa. Edmund Kemper, wani mai kashe mutane a jere na Amurka, uwarsa ta riƙa kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya kashe kakanninsa a 1964 yana ɗan shekara 15. Sai dai mafi yawan yaran da aka zalunta ba sa kashe kowa. Raunin ƙwaƙwalwa, shaye-shaye da rashin babba ko ɗaya mai tsaya wa yaro su ke ƙara ingiza shi.