Kabarin da babu kowa a ciki

Ɗana, saƙonka ya ba ni dariya, daga baya kuma ya sa ni shiru. Wai ka ga wani gari a Ingila sun kafa dutse a maƙabarta da sunan sojan ruwansu da ya mutu a hannun Japanawa, kai ma kana so a yi wa ƙanin kakanka da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Allah ya yi maka albarka da ka tuna shi. Amma a ina ka taɓa ganin kabari ba gawa?

Namu kabarin tudun ɗani ɗaya ne: itace, fasassun tukwane, laka, sai ƙaya saboda kura. Iyayenmu kan ce maƙabarta gidan kowa ce, ba a kama fili. Ka zuba siminti, masu haƙa su riƙa tsallake wurin suna zaton da mutum a ƙasa.

Mutanen wancan zamani ma matar da ya bari ce ta dame su. Da sojoji suka dawo a 1946 babu shi, aka kai magana gaban alƙali. A Malikiyya sai an yi cigiya an rasa, sannan a ƙirga mata shekara huɗu, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Masu ƙirgawa daga ranar da miji ya bar gida kuskure suke yi. Gado kuwa ba a raba shi sai wanda ya ɓace ya cika shekara saba'in da haihuwa.

Inna ta ce alƙali ya kira wani da suka yi yaƙin kwarin Kaladan na Bama tare, ya ce, "Ka ga gawarsa da idonka?" Ya ce, "Allah ya gafarta malam, na dai ga an ja shi cikin daji da ransa." Nan hukunci ya juya, don matar kamamme ba a yanka mata shekara huɗu muddin akwai abin ciyar da ita. Haka ta zauna. Sallar ga'ibi ma, wato jana'izar da ake yi ba gawa, malamanmu ba su yi masa ba, sai sadakar gumba da addu'a.

Ku yanzu komai sai an rubuta an ɗauki hoto, alhali ziyarar kaburburan da ke nan ta gagare ku.

In suna kake so a dutse, akwai bango a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Bama, mai sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a ga kabarinsu ba. Ka nemo lambarsa ta soja tukuna, don a lokacin Turawa sukan rubuta sunan gari a madadin sunan uba.