Tambaya da Amsa: Me ya sa dutse ke rabewa daga 'yar tsaga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani shago da ke yanka dutsen giranit na kicin a Orile, nan Legas. Kwanan baya mu huɗu muka ɗauki falle guda a kwance, bai faɗi ba kuma bai bugi komai ba, sai ya rabe biyu a hannunmu, daidai inda wata 'yar tsaga take a gefensa. Yaya dutsen da guduma ke sha wuya a kansa zai karye haka? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, dutse yana da ƙarfi iri biyu, kuma ba ɗaya suke ba. Idan danna shi aka yi, giranit yana jure nauyi mai ban mamaki, amma idan ja aka yi, wato ana ƙoƙarin raba ƙwayoyinsa da juna, abin da zai iya jurewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Lokacin da kuka riƙe fallen a kwance ta bakinsa biyu, tsakiyarsa ta ɗan lanƙwasa yadda ido ba zai gani ba, fuskar sama ta matse, ta ƙasa kuma ta miƙe. Wannan miƙewar ita ce ja, kuma saboda ita ne magina ke sa rodi a ƙasan kankaren bene.

Ka tuna yadda mai sayar da yadi ke yi a kasuwa. Ba ya iya yage shadda da hannu sai ya fara ɗan datsa bakinta da almakashi, daga nan kuwa ja kaɗan ya isa ta tsage har ƙarshe. Dalili shi ne duk ƙarfin jan yana taruwa a kan zare ɗaya ko biyu da ke ƙarshen datsin. Haka tsaga take a cikin dutse: ƙarfin da ya kamata ya bi ta wurin da ya rabu sai ya kewaya ya taru a tsininta. A 1913 wani injiniya a Ingila, Charles Inglis, ya nuna da lissafi cewa gwargwadon tsawon rami da kaifin bakinsa, gwargwadon yawan ƙarfin da ke taruwa a wurin. Rami zagayayye yana ninka ƙarfin sau 3 ne kawai, alhali tsaga mai tsini tana ninka shi sau da yawa fiye da haka.

Sai a 1921 wani injiniyan Ingila kuma, Alan Griffith, bayan gwaje-gwajen da ya yi da gilashi, ya fito da abin da nake ganin shi ne amsar tambayarka. Ya nuna cewa tsaga tana zaune shiru matuƙar ƙarfin da dutse zai saki idan ta ƙara tsawo bai kai wanda ake bukata don raba ƙwayoyinsa ba. Idan tsawonta ya ninka sau 4, rabin jan da ake bukata a da ya isa ya motsa ta. Saboda haka da zarar ta fara tafiya, kowane ƙari yana sauƙaƙa na gaba, shi ya sa kuka ji ƙara ɗaya kawai, kafin ku ankara aiki ya gama.

Akwai kuma ruwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gari mai laima kamar Legas. Danshi yana shiga har tsinin tsaga ya raunana haɗin ƙwayoyin dutsen, ta riƙa rarrafe a hankali tsawon makonni, har ranar da za ta kai tsawon da ba ta tsayawa.

Shawarata ita ce ku daina ɗaukar falle a kwance. Ku ɗauke shi a tsaye a kan gefensa, haka kuma ku jingina shi a mota. Kafin ɗauka, ka jiƙa gefen da tsumma, domin tsaga takan bar siririn layi mai duhu bayan sauran wurin ya bushe. Idan kuma za ku yanke gurbin wurin wanke kwanuka, kada ku bar kusurwoyinsa da kaifi, ku fara huda su da injin huji domin su zama zagayayyu.