Makullin lasisi na cikin akwati, manhaja ta ce ba ta gan shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. A ofishinmu muna da manhajar zanen gini da ba ta buɗewa sai an soka makullin lasisinta na USB, wato dongul. Mun mayar da ita kan kwamfutar Hyper-V, wato kwamfutar da aka ƙirƙira da manhaja a cikin babbar kwamfutar ofis (saba), inda babu ramin USB, sai muka sayi akwatin USB mai haɗawa da netwok muka soka makullin a ciki. Fitilun akwatin na ci, amma manhajar tana nuna H0007. Ina gyaran yake?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Lambar H0007 ta makullan lasisi samfurin Sentinel ce, kuma abin da take nufi kawai shi ne manhajar ta nemi makulli ba ta samu ba. Ba ta faɗin inda hanyar ta yanke. Saboda haka ka fara da zare makullin, ka soka shi kai tsaye a wata kwamfuta mai direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Idan ya yi aiki a can, lafiyarsa ƙalau, sai ka koma kan akwatin.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ɗaukar akwatin nan kamar firinta da kowa ke turawa aiki. Ba haka yake ba. Shi kamar doguwar wayar USB ce da aka bi da ita ta netwok, kuma kwamfuta ɗaya tak ke riƙe makulli a lokaci guda. Dole ka saka manhajar akwatin a cikin ita kanta kwamfutar Hyper-V ɗin, ba a kan sabar da ke ɗauke da ita ba, sannan ka danna haɗawa. Duba kuma ko kwamfutar da aka yi gwajin farko da ita har yanzu tana riƙe da makullin. Wannan kuskure ya yi yawa ƙwarai, kuma gyaransa bai fi minti ɗaya ba: a sake shi a can, a kama shi a nan, a kunna haɗawa ta kai-da-kai don kada a rasa shi bayan kashe wuta.

Idan manhajar akwatin ma ba ta ga akwatin ba, to matsalar netwok ce. Neman da take yi da kanta ba ya tsallaka rauta, wato na'urar da ke haɗa sassan netwok, zuwa wani sashen, don haka rubuta adireshin IP na akwatin da hannu, ka kuma ba shi tsayayyen adireshi, domin DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa, na iya sauya masa bayan an ɗauke wuta. Sai katangar tsaro (firewall), wadda ke iya toshe ƙofar (port) da akwatin ke bi. Kowane samfuri da tasa lambar: VirtualHere na amfani da ƙofa 7575, AnywhereUSB Plus na Digi 18574, na SEH kuma 9200. Buɗe wadda ta dace da naka.

Da zarar an haɗu, buɗe Device Manager, jerin na'urori na Windows. Alamar rawaya a kan makullin na nufin matsalar direba ce. Cire tsohon da umarnin haspdinst -r, ka saka sabon direban, wato Sentinel Run-time, da haspdinst -i, ka sake kunna kwamfutar. Tsofaffin direbobi sukan ci karo da Memory Integrity, wata kariya ta Windows 11. Mu shawararmu a sabunta direba, kada a kashe wannan kariya. Daga nan rubuta localhost:1947 a burauza ka shiga Sentinel Keys. In ka ga makullin a jerin, akwatin ya gama nasa aikin.

Tambaya: Ni makullina yana fitowa a wannan shafi na 1947, amma idan na shiga kwamfutar daga nesa ta Remote Desktop manhajar sai ta ƙi buɗewa.
Mai karatu daga Zinder

Amsa: Wannan ba lalacewa ba ce, sharaɗin lasisi ne. Masu manhaja da yawa suna hana makullin mutum ɗaya aiki ta Remote Desktop, kuma saƙon da ke fitowa shi ne H0027. Babu saitin akwati da zai warware shi. Ka nemi wanda ya sayar maka da manhajar ya buɗe wannan izini a lasisinka, ko ya canza maka zuwa makullin netwok, mai jan launi, wanda ake sokawa a kwamfuta ɗaya, sauran su karɓi lasisi daga gare ta ta ƙofa 1947.