Jitar kilasika ta farko ga wanda ya saba da tsirkiyar ƙarfe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na fi shekara goma ina kaɗa jita mai tsirkiyar ƙarfe, yanzu kuma ina son in koyi kiɗan kilasika da gaske. Kuɗin da na tara ba su da yawa, kuma ina tsoron in zuba su a kan abin da zan yi da-na-sani. Na gwada guda biyu, sai na ji wuyansu ya yi mini faɗi, tsirkiyoyin sun yi nisa da allon wuya, sautin kuma ya yi mini sanyi. Mai sayarwar ya ba ni shawara in ɗauki mai araha, in ɗaura mata siraran tsirkiyoyin ƙarfe har hannuna ya saba. Shin wannan shawara ta yi daidai? Wacce kuma ya kamata in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoron da kake ji yana kan hanya, amma abubuwa ukun da suka dame ka ba aibi ba ne a jikin jitocin da ka gwada. Faɗin wuyan jitar kilasika a wurin ƙashin sama, wato ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya kusa da kai, milimita 52 ne a bisa al'ada, alhali hannunka ya saba da 43 zuwa 45, kuma allon wuyanta a shimfiɗe yake, ba shi da ɗan tudun da ka sani. An yi hakan ne domin yatsa ya danne tsirkiya guda ba tare da ya kashe sautin ta kusa da ita ba, tunda a wannan kiɗa muryoyi biyu ko uku ke tafiya a lokaci ɗaya. Nisan tsirkiya ma haka ne: a firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a allon wuya) ana barin kimanin milimita 4 ƙarƙashin mafi kauri da milimita 3 ƙarƙashin mafi siriri, saboda nailan yana lilo da faɗi fiye da ƙarfe, idan aka sauke shi ƙasa sosai sai ya riƙa bugun firet yana zuza. Makonni kaɗan na atisaye, da babban yatsa a bayan wuya maimakon leƙowa ta sama, za su kawar maka da mafi yawan wannan baƙunta.

Shawarar mai sayarwar nan ce abin da ya tayar mini da hankali. Kada ka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar kilasika, ko siririya ce, ko na kwana ɗaya ne. Babu ɓarnar da nake cin karo da ita kamar wannan, kuma kusan kullum wani ne da ke kiran kansa masani ya ba da shawarar. Saitin tsirkiyoyin nailan shida yana jan jikin jita da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 40. Saitin ƙarfe da aka saba ɗaurawa yana kai kilo 70 ko fiye, kuma mafi siririn da ake kira mai sauƙi ma yana kusan kilo 60. Wato ko da ka bi shawararsa sau da ƙafa, ka ɗora wa jitar nauyin da ya zarce abin da aka ƙera ta dominsa da rabi.

Bambancin yana cikin ginin jitar, inda ido ba ya gani. Fuskar jitar ƙarfe, wato allon gabanta mai ramin sauti, tana da haƙarƙarin katako masu kauri da aka gicciya a ƙarƙashinta, kuma tsirkiyoyinta suna ratsa jaki, wato katakon da ke riƙe da su a kan fuska, su kama wani allo mai tauri da ke ciki. Fuskar jitar kilasika kuwa kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 2 da rabi ba, an tallafe ta da siraran haƙarƙari da suka bazu daga tsakiya, tsarin da Antonio de Torres, maƙerin Sifen da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya daidaita tun zamanin da ake amfani da tsirkiyar hanjin dabba. Nailan bai shigo ba sai ƙarshen shekarun 1940, ta hannun maƙeri Albert Augustine tare da makaɗin jita Andrés Segovia, kuma ya karɓu ne don jansa bai yi nisa da na hanjin ba. A jitar kilasika ana ƙulla tsirkiya ne a jikin jakin kansa, shi kuma jakin gam kawai ke riƙe da shi a kan fuska. Idan aka ɗaura ƙarfe, fuskar takan kumbura a bayan jaki ta lotsa a gabansa, wuya ya sunkuyo, tsirkiyoyi su ƙara nisa, robar da ake naɗe tsirkiya a kanta a maƙunsar saiti, wato abin da ake murɗawa don saita sauti, ta tsage, daga ƙarshe jakin ya ɗago ko ya fizge gaba ɗaya tare da ɓallin katakon fuska. Idan ya fizge ana cikin kaɗawa, fuskar mai kiɗa da idanunsa suna kusa.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne hujjojin da ake kawowa. Wani zai nuna maka tsirkiyoyi ukun nan masu kauri ya ce ai ga ƙarfe nan tun daga kamfani. Waɗannan zaren nailan ne a ciki, an naɗe su da siririn jan ƙarfe mai rufin azurfa domin su yi nauyi, jansu kuma na nailan ne. Wani zai ce tasa ta shekara da ƙarfe ba abin da ya same ta, alhali katako a hankali yake miƙa wuya, kuma ranar da ɓarnar ta bayyana gyaranta ya fi kuɗin jitar. Wani kuma zai ce tunda akwai sandar ƙarfe a cikin wuya, kamar yadda kamfanin Cordoba ke sakawa a jitocinsa da yawa, babu damuwa. Sandar tana kare wuya ne kaɗai, ba ruwanta da fuska ko jaki. Ko da jitar ta jure, sautin ba zai zauna daidai ba, domin ƙashin jakin jitar ƙarfe, wato ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki, a karkace ake dasa shi don ya rama taurin tsirkiya, na kilasika kuwa kusan a miƙe yake, don haka duk lokacin da ka haura sama a wuya za ka ji muryoyi suna saɓa wa juna. Mai sayarwar da ya faɗa maka haka ko dai bai san kayan da yake sayarwa ba, ko kuma ya san ba shi zai biya kuɗin gyara ba. Idan hasken sauti kake kewa, akwai tsirkiyoyin kabon irin su Savarez Alliance, waɗanda suka fi nailan kaifin murya kuma an yi su ne domin wannan jitar.

Game da abin da za ka saya, kunnenka ya riga ya wuce matakin jitar ɗan koyo. Irin su Yamaha C40 suna da ƙarko kuma sun dace da mai farawa daga tushe, amma fuskarsu fale-falen katako ne da aka manna, kuma za ka gaji da ita cikin 'yan watanni, domin ba za ta amsa bambancin taɓawar da yatsunka suka iya ba. Ka zuba kuɗinka a kan fuska ta tsantsar katako guda. Baya da gefe su kasance na fale-fale, babu laifi, har ma sun fi jure sauyin yanayi. Torres da kansa ya ƙera wata jita a 1862 mai baya da gefe na kwali domin ya nuna cewa fuska ce tushen sauti. A wannan mataki akwai Yamaha CG122 da CG142, da Cordoba C5 da C7, da Alhambra 3C da 4P. Ka karanta bayanin kamfani da kyau, domin idan an ambaci sunan itace kawai ba a ce tsantsa ba ne, yawanci fale-fale ne. Za ka iya tabbatarwa da kanka ta duban bakin ramin sauti: a tsantsar katako za ka ga jijiyar itacen ta ratsa kaurin fuskar daga sama har ƙasa.

Fuskar itacen sida tana da sauti mai ɗumi kuma tana amsawa tun ranar farko, ita ce maƙerin Sifen José Ramírez na uku ya yaɗa a shekarun 1960. Ta itacen sifurus ta fi rarrabe muryoyi, tana kuma ƙara buɗewa da yawan kaɗawa. Ga wanda ya fito daga tsirkiyar ƙarfe yana kukan sanyin sauti, ni sifurus nake zaɓa masa, musamman da yake irinku kun saba bugawa da ƙarfi, ita kuma ta fi ɗaukar hakan ba tare da sautin ya dagule ba. Akwai kuma jitocin tsaka-tsaki masu wuya mai faɗin milimita 48, irin su Yamaha NTX da Cordoba Fusion. Suna da daɗi ga mai son sautin nailan a kiɗan zamani, amma tunda ka ce kilasika kake nufi da gaske, ka ɗauki cikakken faɗi. Idan hannunka ƙarami ne, ka nemi mai tsawon tsirkiya milimita 640 maimakon 650.

Ka kama jitar da hannunka kafin ka biya, ko sabuwa ce ko ta hannu, domin biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta. Ka auna nisan tsirkiya a firet na 12, sannan ka duba ko ƙashin jaki yana da sauran tsawon da za a iya ragewa nan gaba. Idan tsirkiya ta yi sama alhali ƙashin ya riga ya ƙare, wuyan ya motsa, ka bar ta. Ka gwada zura takarda a ƙarƙashin bayan jaki, idan ta shiga to gam ya fara saki. A ta hannu, kumburi a bayan jaki da tsagewar robar maƙunsa alamu ne na cewa an taɓa ɗaura mata ƙarfe. Ka kaɗa tsirkiya ta farko firet bayan firet har na 12 kana sauraron inda sauti ke mutuwa da wuri, kuma ka kwatanta muryar firet na 12 da ta tsirkiyar a sake.

Ka ware wani abu daga kuɗin domin akwati mai kyau, da saitin tsirkiya mai matsakaicin ja irin D'Addario EJ45, da ladan ƙwararren mai gyara da zai daidaita maka ƙasusuwan biyu, na sama da na jaki. Tsantsar katako tana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, busasshiyar iska tana tsaga ta, don haka ka riƙa mayar da ita akwati bayan kiɗa. Sabon nailan zai yi ta sakin saiti har kusan mako guda kafin ya zauna, kuma kada ka yanke wa sautin hukunci sai ka tara farcen hannun dama ka goge bakinsu sumul, domin da tsoka da farce tare ake fitar da muryar wannan jitar.