In bari bakanike ya ƙara wa injin zartona ƙarfi, ko in sayi babba?

Wani mai sana'ar katako daga Bali ta jihar Taraba ya aiko da tambaya. Yana da injin zarto biyu, Stihl MS 381 da ɗan China mai lamba 5800, yaransa suna tsaga maɗaci da ƙirya da su. Injinan sun fara nawa, katakon da ake fitarwa a wuni ya ragu. Bakanike ya ce zai huda salansa, ya cire gasket ɗin silinda (siririn shimfiɗin da silinda ke zaune a kai), ya faɗaɗa ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi na cikin silinda, ya matse kafireto. Ya biya, ko ya tara kuɗi ya sayi babban inji?

Malam, dakata da biyan kuɗin nan tukuna. Injin da a da yake yanka da kyau yanzu ya koma nawa, akwai abin da ya tauye shi, kuma nemo wannan abin ya fi araha nesa ba kusa ba.

Fara da sarƙa, domin nan ne akasarin ƙarfin yake salwanta. Duba abin da take zubarwa: in ɓarɓashi ne manya, tana ci, in gari ne kamar na tuwo, ta dakushe. Sarƙar Stihl mai lamba 3/8 magagari mai kaurin milimita 5.2 take so. Haƙorin yankan gindi ana wasa shi a karkace digiri 30, amma na tsaga katako a tsaye digiri 10 ne, kuma yara da yawa da sarƙar yankan gindi suke tsaga, katakon ya fito da kaushi, ɗan kasuwa ya rage maka farashi. Sai ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Ya kamata ya gaza haƙorin da milimita 0.65. In ba a taɓa goge shi ba, sarƙa shafar ice kawai take yi komai kaifinta. In kuma an zarce wajen gogewa, inji zai riƙa fizga, ya yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi.

Daga nan a wanke matatar iska, wadda garin katako da ƙurar hunturu ke toshewa cikin kwana kaɗan. A sake matatar mai ta cikin tanki, a saita bakin fulogi a milimita 0.5, a ƙone baƙin da ya toshe ragar salansa a mayar da ita, don da rani tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobara. Haɗin mai na Stihl ɗin: in baƙin man inji mai bugu biyu ne na ainihi, mililita 100 a lita 5 na fetur. Baƙin man mota ba ya wannan aikin. Sannan a auna matsin silinda. Lafiyayyen inji yana kai wajen 150 a ma'aunin psi. In ya sauka ƙasa da 120, ringi ko fistin ya gaji, huda salansa ba zai tashe shi ba.

Yanzu ga abin da bakanike ya lissafa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne matse kafireto. Sukurori uku ne a jikinsa: L na ƙaramin gudu, H na babban gudu, LA na silo, wato gudun inji in ba a ba shi wuta ba. In aka matse H, fetur ya ragu, inji ya ɗau kuka mai tsini, kowa ya ce ya samu ƙarfi. To amma man da ke sanyaya fistin yana shafe shi cikin fetur ɗin yake tafiya. Ka rage shi, zafi ya hau, fistin ya karce ta ɓangaren salansa, inji ya buga. Saitin ƙwarai ana yin sa bayan inji ya yi ɗumi da tsaftatacciyar matata: a buɗe wuta duka ba tare da ice ba, a ji yana ɗan gurnani, da ya shiga ice sai muryar ta washe. A riƙa juya sukuron kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya bisa takwas na zagaye. Bakin fulogi ya fito ruwan ƙasa. In fari ne, inji na jin ƙishirwa.

Buɗe salansa kaɗan yana taimakawa, hayaƙi ya fita da sauƙi, zafi ya ragu. Sharaɗinsa a cire salansar daga jikin inji kafin hudawa, a wanke ɓarɓashin ƙarfen tas, ramin kada ya kai faɗin ƙofar hayaƙi ta silinda, sannan a sassauta H nan take. Ƙara za ta ƙaru, ka saya wa yaran abin toshe kunne. Garanti kuma, in akwai, ya tafi.

Cire gasket da faɗaɗa ƙofofi kuwa ban ba ka shawara ba. Tazarar da ke tsakanin kan fistin da rufin silinda sai an auna ta da wayar dalma, kada ta gaza milimita 0.5. Tambayi bakaniken nawa zai bari. In ya yi inda-inda, ɗauki injinka. Matsi in ya ƙaru, man bumburutu da ake samu a daji ba zai ɗauke shi ba. Ƙarfen da aka kankare kuma ba ya dawowa, garin neman gira a rasa ido. Shi ɗan Chinan ma kada a taɓa cikinsa, ƙarfensa ba zai jure ƙarin zafi ba.

Batun kuɗi, riƙe littafi na mako biyu bayan gyaran sarƙa da matata: litar fetur nawa, katako nawa a wuni, kwana nawa inji ya zauna. In fistin ya ƙone, asararka ta haɗa da kuɗin fistin da silinda, da kwanakin da yara za su zauna kana ciyar da su, da kafin alƙalamin da ka karɓa a hannun masu saye. Ɗora wannan kan kuɗin bakanike kafin ka kwatanta da farashin babban inji.

MS 381 girman silindarsa sisi (cc) 72 ne, ƙarfinsa kilowat 3.9. Stihl 070 sisi 105 ne da ɗoriya, kilowat 4.8, a hankali yake juyawa amma ba ya durƙushewa cikin ice mai tauri, shi ya sa masu tsaga suka riƙe shi. In littafinka ya nuna tsagar ƙirya da maɗaci ce mafi yawan aikinka, tara kuɗin 070 ɗin, ka saya a hannun dila mai ba da rasit domin jabu sun cika kasuwa, ka bar 381 yana kayarwa da yanke rassa.